Babi na 6: Kayan da ba sa tsatsa

Darasi na 1

'Yan uwa, kowa ya ɗauki biro. Rubuta tsa, ka sake rubuta tsa, ka haɗa: tsatsa. Haruffan t da s biyu ne a ido, ɗaya ne a baki. Kada ka ji kunya in ka manta s ɗin, goge ka sake.

Tsatsa ita ce jan garin nan da ke fesowa a jikin ƙarfe idan ruwa da iska sun daɗe a kansa. Duk wanda ya ga rodin da damina ta daka a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ya san ta. Kwanon rufi ma ƙarfe ne, tutiya aka lulluɓa masa. Ranar da tutiyar ta goge, tsatsa ta samu ƙofa.

Karanta da ƙarfi: silba, dalma, roba, tangaran, kwalba. Waɗannan biyar ba sa jan tsatsa irin ta rodi.

Darasi na 2

Nan ne kuke tuntuɓe, don haka a hankali. "Ba ya tsatsa" daban, "sinadari ba ya cin sa" daban.

Tukunyar da muke ce wa dalma, asalinta alminiyam ce. Ba ta tsatsa, amma sodar haɗa sabulu tana cin ta, har ta huda gindinta. Maimaita: dalma ba ta tsatsa, soda tana cin ta. Madalla. A sake. Dalma ba ta tsatsa, soda tana cin ta. Rubuta sau 5.

Iyayena mata masu sabulu, da ku nake. A jiƙa soda a bokitin roba mai kauri ko a silba, wato ta stainless steel, ba ta alminiyam ba, kuma ruwa ake fara zubawa, sannan soda kaɗan-kaɗan. Sau nawa zan faɗa? Na tambayi ajin nan wace tukunya ce ta soda, mutum uku suka ce dalma, wai ai ba ta tsatsa. Haba! Hannunku da idanunku nake ji. Ban da dalma. Ƙara rubutawa sau 5.

Darasi na 3

Ruwan batir yana cin ƙarfe, yana cin tufafi da fata. Shi ya sa gidan batirin mota roba ne. Rubuta: roba.

Darasi na 4

Ruwan gishiri yana gaggauta tsatsa. Kwafi jimlar a gida.