Yadda Ake Fara Koyon Latin Ba Tare da Malami Ba

Duk wanda ya taɓa zama gaban malam ya karanta nahawun Larabci, ya riga ya ci rabin wahalar Latin, harshen Romawan dā. Abin da ke ba ɗalibai da yawa tsoro a harshen, wato sauyawar ƙarshen kalma gwargwadon aikinta a jimla, shi ne li'irabin da muka sani. Sunan Larabci yana da hali uku, raf'i da nasabi da jarri. Na Latin shida ne.

Fara da furuci, kwana biyu sun isa. Haruffan ba baƙi ba ne, su ne asalin na boko. A furucin Romawan dā, c kullum k ce, v kuma w, don haka Cicero "Kikero" ake kiransa. Ka kula da tsawon wasali, kamar yadda Bahaushe ke bambanta gari na zama da garin tuwo: malum mugun abu ne, mālum kuwa tuffa.

Daga nan sai li'irabi, kuma a nan ya kamata ka daɗe. Puella yarinya ce, puer yaro. In ka ce "puella puerum videt", yarinya ce ke ganin yaro. In ka ce "puellam puer videt", yaron ne ke ganinta, duk da ita ta zo a farko. Wannan m ɗin ƙarshe ita ta nuna wanda aikin ya faɗa wa. Sunaye sun kasu gida biyar, kowane gida da yadda ƙarshen kalmominsa ke sauyawa. Kada ka haɗiye su rana ɗaya; riƙe gida na farko da na biyu, ka yi ta bitarsu da ƙarfi kamar hadda, ka rubuta su da hannu, har bakinka ya saba.

Kafin ka gama wannan ma, fara karatu. Littafin da na fi so wa mai koyo shi kaɗai shi ne Familia Romana na Hans Ørberg, babi 35, dukkansu da Latin, babu fassara. Jimlarsa ta farko "Roma in Italia est", wadda kowa zai gane. Karanta babi sau biyu ko uku kafin ka wuce. Minti 30 kullum ya fi awa biyar ranar Lahadi.

Fi'ilai, masu gida huɗu, za su shigo a hankali cikin karatun.

In ka sauke littafin, je ga Julius Caesar da labarin yaƙinsa a Gaul, ƙasar da yawancinta Faransa ce yau, domin rubutunsa a miƙe yake. Waƙar Aeneid ta Virgil, mai littafi 12, bar ta sai ƙafarka ta yi ƙwari, don mawaƙi yakan raba sifa da sunanta, ya jefa ɗaya farkon baiti ɗaya ƙarshe, sai ƙarshen kalmomin ya haɗa maka su.