Idan maganar dattijo ta fara ɓacewa a hankali

'Yan uwa, ku haɗa masa littafin hotuna tun yanzu, tun yana iya taimaka muku.

Babanmu ya fara da manta sunan buta. Sai ya ce "abin nan, abin nan," yana nuni da hannu. Mun kashe kuɗi a kan maganin sammu kafin likita a Asibitin Malam Aminu Kano ya ce ciwon ƙwaƙwalwa ne mai cin ɓangaren magana sannu a hankali, kuma ba ya warkewa.

Ku ɗauki hoton kayansa na gaske da waya: butarsa, carbinsa, kwanon furarsa, ban ɗaki, jikoki. Ranar kasuwa a kai hotunan a wanke, a manna a littafi. Hankalinsa yana nan da farko, kalmar ce ke gudu, yatsa kuwa yana nunawa. Kada ku katse shi, ku ba shi lokaci. Ranar da Baba ya nuna hoton gona, ƙanena ya kai shi a babur, ya wuni cikin fara'a.

Amma idan ciwon ya yi nisa, ko idonsa ya raunana, hoton ba zai yi aiki sosai ba.

Idan kuma maganar ta ɗauke farat ɗaya, ku garzaya asibiti, yana iya zama shanyewar ɓarin jiki.