Yadda Ake Zaɓar Wa Kifin Betta Abokan Zama a Tanki Ɗaya

Kifin betta, ƙaramin kifin ado mai son faɗa, ba ya jin kaɗaici. Wannan shi ne abu na farko da ya kamata mai kiwo ya sani, domin yawancin asarar da ake yi tana farawa ne daga tausayi: mutum ya ga kifinsa shi kaɗai, sai ya sayo masa aboki, gari na wayewa ya tarar da ɗaya da yagaggiyar wutsiya. Asalin betta daga Tailan da maƙwabtanta yake, a fadamu da gonakin shinkafa masu ruwa marar zurfi, inda kowane namiji yake kama yankinsa ya tsare. Saboda haka ƙara masa wasu halittu sha'awar mai tanki ce, kuma nauyin ganin abin ya tafi lafiya yana wuyansa.

Fara da auna tankin

Tankin lita 20 na betta ne shi kaɗai, sai dai ko dodon koɗi guda ɗaya. Daga lita 40 ake fara maganar ƙananan abokai. Idan garken kifaye kake so, nemi lita 60 zuwa 75, kuma dogon tanki ya fi mai tsayi, saboda faɗin ƙasa da na saman ruwa shi ke ba kowa wurin kaucewa.

Zafin ruwa ya tsaya tsakanin digiri 25 zuwa 27 a ma'aunin Selshiyos, da hita da ma'aunin zafi. Wannan kaɗai ya fitar da kifin zinare daga lissafi, domin shi ruwan sanyi yake so, ga yawan kashi. Matatar ruwa ta zama mai sanyin gudu, irin ta soso, don betta mai dogayen fikafikai yana gajiya a ruwa mai ƙarfi. A rufe tankin da murfi, betta yana tsalle, amma a bar ɗan fili tsakanin ruwa da murfin, domin yana hawowa sama ya shaƙi iska kai tsaye.

Kada a zuba kifi ko ɗaya sai tankin ya nuna, wato sai ƙwayoyin bakteriya masu cinye dattin kifi sun zauna a cikin matata. Yakan ɗauki mako 4 zuwa 6. Kayan gwajin ruwa su nuna matakin sinadarai uku da dattin kifi ke haifarwa: amoniya sifiri, naitirait sifiri, naitiret kuma ƙasa da miligiram 20 a kowace lita. Sabbin kifaye a ɗanyen tanki kan sa amoniya ta hau, sai betta ya raunana, a ɗora laifin kan abokan zama alhali ruwa ne.

Dubi irin bettan da kake da shi

Ba halinsu ɗaya ba. Mai gajerun fikafikai, wanda ake kira plakat, yana da sauri kuma yana iya cim ma duk wanda ya kora. Mai baza wutsiya kamar mafici ba shi da gudu, shi ne kuma ake ci wa gefen wutsiya. Mace ta fi namiji sauƙi a mafi yawan lokuta, amma akwai mata masu zafin rai. Ka lura da naka kwana biyu: idan yana kai wa inuwarsa hari a jikin gilashi ba hutu, ko yana bin yatsanka yana bubbuɗe kumatu har sai ka janye, to ka fara gwada shi da dodon koɗi kafin ka kashe kuɗi a kan garke.

Sharuɗɗan da aboki zai cika

Betta yana ɗaukar saman ruwa a matsayin gidansa, a nan yake numfashi, a nan yake cin abinci, a nan namiji yake tara kumfar sheƙarsa. Abokin kirki shi ne wanda yake zaune a ƙasa ko a tsakiya, ba ya da launi mai ɗaukar ido ko doguwar wutsiya da za ta sa a ɗauke shi kishiya, ba ya cizon fiffike, kuma yana jure ɗumin ruwan da aka ambata. Wanda ya faɗi ko da sharaɗi ɗaya, a bar shi a inda aka gan shi.

Mazauna ƙasa su ne suka fi dacewa. Koridoras, ƙananan dangin tarwaɗa masu gashin baki, suna yini suna tonon ƙasa ba ruwansu da kowa. Sai dai a kula da iri: sterbai yana jure ɗumi sosai, panda kuwa ya fi son ruwa mai ɗan sanyi, yakan wahala idan zafi ya daɗe a 27. A sa aƙalla 6 na iri ɗaya, kuma a shimfiɗa musu yashi mai laushi, don tsakuwa mai kaifi da datti suna cinye gashin bakinsu. Kuhli, siririn kifi mai kama da ɗan maciji, shi ma yashi yake so da maɓoya, kuma da dare yake fitowa lokacin da betta ya kwanta. A sa 5 ko 6, a kuma toshe bakin bututun matata da soso, domin yana kutsawa cikin kowane rami.

A tsakiyar ruwa, rasbora harlekwin zaɓi ne mai kyau, daga yankin duniya ɗaya suke da betta kuma ruwa iri ɗaya suke so. Tetira emba, wanda bai wuce santimita 2 ba, shi ma yana zama lafiya. Duk biyun a sa 8 ko fiye. Dalilin yawan shi ne kifin garke idan ya yi kaɗan yana firgita, firgitar kuma ita ke sa shi ɓuya ko cizon wasu. A cikin babban garke hankalinsu yana kan junansu, kuma betta ba ya samun guda ɗaya da zai sa wa ido.

Dodon koɗi na nerit yana share gansakuka daga gilashi, ƙwansa kuma ba ya ƙyanƙyashewa a ruwan daɗi, don haka ba zai cika tanki ba. Jatan lande kuwa sai an yi hattara. Ƙananan jajaye abinci ne a wurin betta. Nau'in amano, da yake kaiwa santimita 5, ya fi tsira, amma shi ma yana cikin haɗari a ranar da ya saɓule ɓawonsa, sai da ciyayi masu duhu da zai shige.

Waɗanda ba a haɗawa

Namijin betta biyu ba sa zama tare, komai girman tankin gida. Namiji da mace ma ba a barinsu tare sai lokacin haihuwa, a ƙarƙashin ido. Gurami ɗan uwansa ne, shi ma sama yake zama, faɗa ba makawa. Namijin gufi mai wutsiya kala-kala kama yake da ƙaramin betta. Barb mai zanen damisa da tetira serpae sun shahara da cizon fiffike.

Yadda ake haɗa su

Sabbin kifaye su fara zama a wani tanki dabam na mako 2 zuwa 4. Cutar fararen ɗigo takan ɓoye kwanaki kafin ta bayyana, kuma magani a babban tanki yana da wuya, musamman da yake magunguna masu sinadarin jan ƙarfe suna kashe dodon koɗi da jatan lande.

Kafin ranar haɗuwa, cika tankin da abin da zai katse gani: ciyayin ruwa irin su anubiyas da fan na Jaba, itace, kogo, da tsire-tsire masu yawo a sama. Betta yakan bar kora da zarar abin da yake bi ya ɓace masa.

Abokan su riga shiga, betta ya zo daga ƙarshe, domin ya tarar da su a matsayin wani ɓangare na wurin. Idan shi ya riga zama, fitar da shi zuwa wani mazubi mai ruwan tankin, sauya wa duwatsu da ciyayi wuri, saki sabbin, sannan ka mayar da shi bayan awa ɗaya ko biyu. Ledar da kifi ya zo a ciki a ɗora ta kan ruwa minti 15 zuwa 20 don zafi ya daidaita, a riƙa ƙara mata ruwan tanki kaɗan-kaɗan, sannan a kwashe kifin da raga, ruwan ledar a zubar. Ciyar da betta tukuna, kashe fitila, kuma garke ɗaya kawai a lokaci guda, da tazarar mako 2 kafin na gaba.

Abin da za ka sa wa ido

Zauna gaban tankin awa ta farko. Buɗe kumatu da 'yar kora ta ɗan lokaci ba komai ba ne. Abin tsoro shi ne bin kifi ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwa, ko kai cizo. Ta ɗaya ɓangaren, duba bettan da kansa kowace safiya: gefen wutsiya mai giɓi kamar an yaga takarda, fikafikai a manne da jiki, launi ya dushe, layuka a kwance a jikinsa, ko ya maƙale bayan hita ya ƙi abinci. Duk wanda ka gani a cikin waɗannan, raba su a ranar, da tankin killacewa ko da allon raba tanki. Wani bettan yakan yi wata guda lafiya sannan ya juya, don haka kada a rabu da tankin ajiya.

Wurin ciyarwa ma akwai tarko. Betta yana da haɗama, zai sauka ya cinye abincin koridoras har cikinsa ya kumbura ya kasa daidaita iyo. Ba shi nasa ƙwayoyin a kusurwa ɗaya ta sama, garken tsakiya a ɗaya kusurwar, mazauna ƙasa kuma a jefa musu abinci mai nutsewa bayan an kashe fitila. Tunda bakuna sun ƙaru, datti ma ya ƙaru: canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowane mako da ruwan da aka cire wa kulorin, wanda zafinsa ya yi daidai da na tankin, kuma gwada amoniya da naitirait duk bayan kwana biyu a makonni biyun farko bayan kowane sabon shiga.