Shago a ƙasa, gida a sama: kurakuran da ke hana gini samun shaidar tattalin wuta

Bene mai shaguna a ƙasa da ɗakunan haya a sama yana cikin gine-ginen da masu kuɗi ke yawan yi a bakin titunan Kano, Kaduna da Abuja. Tun da aka kai kuɗin wutar masu rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wutar aƙalla awa 20 a rana, naira 225 a kan kowane yunit a watan Afrilun 2024, ɗan haya kan tambayi nawa zai riƙa kashewa a wuta kafin ya tambayi faɗin falo. Abin da ke amsa masa a rubuce shi ne takardar shaidar tattalin makamashi. A Najeriya akwai dokar gini mai tattalin makamashi da Ma'aikatar Wuta, Ayyuka da Gidaje ta ƙaddamar a 2017 da taimakon hukumar GIZ ta Jamus. Akwai kuma shaidar EDGE ta hukumar IFC, reshen Bankin Duniya, wadda sharaɗinta shi ne gini ya rage aƙalla kashi 20 cikin ɗari na wuta, da na ruwa, da na hayaƙin carbon da sarrafa kayan ginin ya fitar, idan aka kwatanta shi da gini irinsa na yau da kullum a garin.

Babban kuskuren shi ne a ɗauki ginin a matsayin abu guda. Rufi ɗaya ne, amma rayuwa biyu ake yi a ƙarƙashinsa. Mai kantin sanyi firizarsa ba ta hutawa dare da rana. Mai kemis yana kunna na'urar sanyaya ɗaki tun safe, lokacin da mutanen sama suka fita aiki. Su kuwa na saman sai bayan magariba wutarsu ke tashi. Idan aka shigar da ginin cikin manhajar lissafi ta EDGE a matsayin gidan zama kawai, sakamakon zai yi kyau a allo, amma mai tantancewa, wanda ke duba aikin kafin a ba da shaidar, zai mayar da shi. Gyaran shi ne a auna faɗin kowane ɓangare daban, a faɗi irin sana'ar da za a yi a ciki da awannin aikinta. Matakala, fitilun harabar gida da injin tura ruwan burtsatse su ma suna cin wuta, kuma su aka fi mantawa da su domin ba na kowa ba ne.

Daga nan ne matsalar mita ɗaya ke fitowa. Duk wanda ya zauna a irin wannan gida ya san rigimar ƙarshen wata, tela da mai gidan abinci da matar aure a hawa na biyu kowa na cewa ba shi ya sha wutar ba. Kowane shago da kowane gida ya samu mitarsa, kayan tarayya ma a ware musu tasu. A lokacin jan waya wannan aikin ba shi da tsada, bayan an yi filasta kuwa sai da fasa bango.

Wasu kuma sai an gama fenti suke tuna takardar shaidar. EDGE mataki biyu ne: shaidar farko a kan zane, ta ƙarshe bayan an kammala gini an zo an duba. Wanda ya kira masani tun zane na kan tebur zai iya juya fuskar ginin ko rage taga ba tare da asarar bulo ko ɗaya ba.

Gilashi ya cancanci a tsaya a kansa. Mai shago na son a hango kayansa daga titi, kuma yana da gaskiya. Ɓarnar tana zuwa ne idan aka ja gilashin nan har hawa na uku don ado, ginin kuma yana fuskantar yamma. A watan Afrilu, da zafin Kano ke haura digiri 40, ɗakin kwanan da ke bayan wannan gilashi ba ya shiguwa daga la'asar har tsakar dare. Dokar 2017 ta ce taga kada ta wuce kashi 20 cikin ɗari na bango sai in an yi mata inuwa. To, a bar wa shaguna gilashinsu, a sa barandar hawa na farko ta zame musu rumfa, a sama kuma a yi tagogi madaidaita. Rufin kwano ma a shimfiɗa masa abin tare zafi tsakaninsa da silin, domin mutanen hawan ƙarshe su ke ɗaukar ranar gaba ɗaya.

Sola tana taimakawa a lissafin wuta, amma ba ta rage ko ɗigon ruwa. Gini zai iya cika rufinsa da faifan sola ya faɗi a kan famfo da masai masu zubar da ruwa barkatai.

Akwai kuma abin da ke faruwa a wurin aiki. Zane ya ce na'urar sanyaya ɗaki mai inbata, wato irin wadda ke rage shan wuta, ɗan kwangila ya je kasuwa ya samo mai araha, ba wanda ya sanar. Ranar dubawa mai tantancewa zai nemi rasit, da takardar bayanin kaya, da hoton abin da aka binne a rufi kafin a rufe silin. A ajiye waɗannan tun ranar farko, duk canjin da ya zama dole kuma a mayar da shi cikin lissafi kafin a saya.

Shagunan da ake ba da haya babu komai a ciki sai bango, ɗan haya ne zai sa fitila da na'urorinsa. Saboda haka a rubuta a cikin yarjejeniyar haya irin ƙwan fitila da irin na'urar sanyin da aka yarda a ɗaura, ya sa hannu kafin ya karɓi makulli.