Saya wa gwana allon zamiya kan ƙanƙara

Jama'ar Damagaram masu 'yan'uwa a Faransa ko Kanada, ga abin da na koya da zan yi wa ƙanwata wannan kyauta ta allon zamiya, wato allo ɗaya da ake ɗaura ƙafafu biyu a kai a zame kan ƙanƙara. Ta daɗe tana zamiya a tsaunukan Alp na Turai, ta gwanance.

Kada kyawun zane ya ruɗe ku. Ku fara tambayar wadda za ku saya wa nauyinta da lambar takalminta, don nauyi ake dubawa wajen tsawon allo, takalmi kuma wajen faɗinsa. Na mata ya fi siriri. In faɗi ya yi yawa, juyawa sai ta yi wuya. Gwana ta fi son mai ɗan tauri, wanda tsakiyarsa ta ɗago daga ƙasa, shi ke riƙe ƙanƙara in ana gudu. Mai laushi na 'yan koyo ne.

Ni dai kuɗin na tura, ta zaɓa a kantin can, inda za ta iya musanyawa.