Babi na 9: Hasken Waya da Gajiyar Ido

Darasi na 1: Abin da ke faruwa a cikin gilashin

Wannan babi na waɗanda idanunsu ke yaji ne, ko suke zubar da ruwa, ko kansu ke sarawa bayan sun jima suna kallon waya, musamman da dare. Kowa ya ɗauko wayarsa ya riƙe a hannu. Wanda bai zo da tasa ba ya matsa kusa da na gefensa.

Fuskar waya ita ce gilashin nan da kuke kallo. Iri 2 ce a kasuwa. Ɗaya ana ce mata LCD, ɗayar kuma OLED ko AMOLED. Sau da yawa za ku ga haruffan nan a jikin kwalin wayar. Yawancin wayoyi masu sauƙin kuɗi, irin su itel da ƙananan Tecno, LCD ne. Manyan Samsung, da iPhone na shekarun nan, da wasu daga cikin Tecno Camon da Infinix Note, OLED ne.

Yawancin wayoyi masu OLED, idan kuka rage musu haske, kunna hasken suke yi suna kashewa da saurin gaske, wata sau 240 a daƙiƙa ɗaya, wata sau 480. Idan fanka ta ɗauki gudu ba a ganin fikafikanta, amma suna nan suna wucewa. Haka wannan ƙiftawar take: ba ku ganinta, amma tana nan. Duk lokacin da kuka ƙara yin ƙasa da haske, lokacin duhun yana ƙara tsawo, ƙiftawar tana ƙara nauyi.

Ba kowa take damu ba. Wani zai kwana a kan waya bai ji komai ba, wani kuwa minti kaɗan kansa ya fara sarawa. Wanda ba ya jin komai kada ya ce wa ɗan'uwansa raki yake yi.

Darasi na 2: Mu gani da idonmu

Ku zauna bibbiyu. Mutum ɗaya ya buɗe shafi mai farin baya a wayarsa, kamar wurin rubuta saƙo, ya rage hasken har ƙarshe. Wanda bai iya ragewa ba tukuna ya ɗaga hannu, zan zo in yi masa na yau kawai. Na biyun ya buɗe kyamararsa, ya kusantar da ita ga fuskar wayar ta farko, kamar zai ɗauke ta hoto.

Me kuka gani? Idan wasu baƙaƙen layuka sun fito suna gangarawa a cikin kyamarar, to ita ce ƙiftawar. Idan ba su fito ba, ku gwada bidiyon nan mai tafiyar hawainiya da ke cikin kyamara, ya fi kama su. Yanzu a ƙara hasken, a sake dubawa. Layukan za su sirance, ko su dusashe.

Wanda bai ga layi ko ɗaya ba, mai yiwuwa wayarsa ba ta da wannan matsala. Duk da haka ya zauna, Darasi na 6 nasa ne.

Darasi na 3: Layin haske

Wannan shi ne zuciyar babin, kuma nan ne aka fi tuntuɓe. Za mu yi shi a hankali. Babu wanda aka haifa da iyawa.

Ku kunna wayar, ku buɗe ta. Ku ɗora yatsa a can saman gilashin, daidai inda agogo da alamar caji suke. A can sama, bakin gilashin. Ku jawo yatsan zuwa ƙasa ba tare da kun ɗaga shi ba. Idan kun fara daga tsakiya, shafin ne kawai zai motsa, ba abin da zai sauko. Ku koma sama ku sake. A wasu wayoyin sai an jawo sau 2. Masu iPhone da ba ta da maɓalli a ƙasa, daga kusurwar sama ta hannun dama za ku jawo.

Yanzu ku nemi wani dogon layi mai hoton rana a gefensa. Shi ne layin haske. A yawancin wayoyi a kwance yake, a iPhone a tsaye.

Ku ɗora yatsa a kan layin, ku ja shi zuwa dama. Dama, hannun da kuke cin tuwo da shi. Ku ja har ya kai rabi, ko ya ɗan wuce. Masu iPhone ku ja sama.

Na san abin da hannunku yake so ya yi. Da zarar ido ya fara yaji, yatsa hagu yake nufa, domin kowa ya taso da sanin cewa haske mai yawa ne ke cutar da ido. Ina kallon aji, na ce dama, kowa ya gyaɗa kai, sannan yatsu suka tafi hagu. Ba laifi, sabo ne. Amma ku tuna da layukan da kuka gani a kyamara. Yaushe suka fi kauri? Lokacin da hasken yake ƙasa. To hagu ƙiftawa take ƙarawa, dama take ragewa.

Mu sake. Ku rufe wayar. Ku buɗe. Yatsa a can sama. Jawo ƙasa. Nemi rana. Ɗora yatsa a kan layin. Ja zuwa dama, zuwa rabi.

Baba, kada ku dangwala ku ɗaga kamar garwashi ne. A ɗora, a ja, sannan a ɗaga. Hajiya, da tsokar yatsa ake yi, gilashin ba ya jin farce. Wanda yatsansa ya bushe da hunturu, ko yake da maiƙo, ya goge shi da gefen riga ya sake gwadawa. Madalla. Haka ake yi.

Mu sake har wa yau, wannan karon kowa ya faɗa da baki yana yi: sama, ƙasa, rana, dama.

Saura abu ɗaya. A wayoyi da yawa akwai ƙaramin harafin A kusa da layin. Idan yana kunne, wayar da kanta take rage haske duk lokacin da kuka shiga duhu, ta mayar da layin hagu ba da saninku ba. Ku taɓa shi sau ɗaya ya mutu. Sannan ku sake duba layin. Yana ina? Idan ya koma hagu, a mayar da shi dama.

Za ku ce, Malam, ai caji zai ƙare, ga wuta ba kullum ake kawowa ba. Gaskiya ne, haske yana cin batir. Shi ya sa na ce rabi, ban ce ƙarshe ba. Za ku kuma ce hasken yana kashe ido a cikin ɗaki da dare. Shi ma gaskiya ne, kuma maganinsa a kunna fitila a ɗakin, ko ta sola ce, ko tocila a haska bango. Haba jama'a! Mutum ya kashe fitila, ya shiga gidan sauro, ya kai hasken waya ƙasa, ya kafa mata ido har ƙarfe ɗayan dare yana kallon bidiyo, da safe ya zo ya ce mini darasin bai yi aiki ba. Ina zai yi aiki? Kuma ku daina miƙa wa jikoki waya su yi muku. Yaron ya yi cikin ƙiftawar ido ya miƙo muku, gobe layin ya koma hagu, yaron yana makaranta, ku kuma kuna zaune. Ku yi da hannunku, ko da sau goma za ku kuskure.

Kafin mu wuce: layin haske, wane hannu? Dama. Zuwa ina? Rabi ko sama da haka.

Darasi na 4: Idan hasken ya yi muku yawa

Akwai hanyar dusashe fuskar waya ba tare da an taɓa layin ba, kuma wasu suna samun sauƙi da ita. Ku nemi hoton da'ira mai haƙora, an rubuta Settings a ƙasansa. Ku taɓa. Ku gangara har ku ga kalmar Accessibility, doguwa ce, da harafin A ta fara. A cikinta ku nemi Extra dim, ku kunna. Wannan ya zo ne da Android 12 a shekarar 2021, don haka tsofaffin wayoyi ba su da shi, wasu kamfanonin ma ba su saka ba. A iPhone sunansa Reduce White Point, yana cikin Accessibility, ƙarƙashin Display & Text Size.

Wasu wayoyin suna da maɓalli na musamman don rage ƙiftawa, an rubuta Anti-flicker ko DC dimming, galibi a cikin Display. Wanda ya samu ya kunna.

Maɓallin da ke mayar da fuskar waya ruwan ɗorawa daban ne. Launi yake sauyawa, ba ya hana ƙiftawa.

Layin haske dai yana nan a rabi. Kada wani ya taɓa shi.

Darasi na 5: Rawar da ido ke gani

Idan kuna ganin fuskar tana rawa ƙiri-ƙiri, ko wani koren layi ya tsaya a kanta, wannan lalacewa ce. Ko wayar ta faɗi, ko ruwa ya shiga, ko gilashin da aka sauya ba mai kyau ba ne. Ku kashe ta ku kunna. Idan ba ta daina ba, sai wurin mai gyara.

Darasi na 6: Hutar da ido

Bayan kowane minti 20, ku ɗaga kai ku kalli abu mai nisan ƙafa 20, wato kamar mita 6, na tsawon daƙiƙa 20. Mai kallon waya yana rage ƙifta ido, sai idon ya bushe, balle da hunturu. Ku riƙa ƙiftawa. Ku ƙara girman rubutu, ku nisanta wayar da hanci.

Darasi na 7: Asibiti

Wanda ya haura shekara 40 kuma ƙananan rubutu suka fara yi masa dishi-dishi, mai yiwuwa tabarau na karatu yake buƙata. Idan ciwon kai ko jan ido ya ƙi tafiya, a je asibitin ido a auna. Kada a ɗiga komai a ido sai da izinin likita.

Aikin gida

Kowa ya nemo layin haske sau 5 kafin ya kwanta, shi kaɗai. Mako mai zuwa zan duba wayoyi a bakin ƙofa.