Darasi na 7: Aiki a Gidan Abinci

Duk wanda aka ɗauka aiki a gidan abinci, ko teburin mai shayi, ko tukubar mai tsire, amana biyu aka ɗora masa: dukiyar mai gida da cikin mutanen da za su ci. Mai saye ba ya shiga kicin. Bai ga wuƙar da aka yanka kaza da ita ba. Bai san ko yarinyar da ta zuba masa miya ta wanke hannu da ta fito daga bandaki ba. Kuɗinsa yake miƙawa, ya yi bismillah, ya kai loma. Ya yarda da ku ne ba tare da ya san ku ba.

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 600 ne ke kwanciya rashin lafiya kowace shekara saboda gurɓataccen abinci, kuma 420,000 daga cikinsu ke rasuwa. Daga cikin masu rasuwar, 125,000 yara ne da ba su kai shekara biyar ba. Amai da gudawa da zazzaɓin taifod, waɗanda duk muka sani a unguwanninmu, ta abinci da ruwa suke shiga jiki.

Hannu

Mu fara da hannu, domin shi ne ke yawo tsakanin datti da tukunya. A wanke shi kafin a taɓa abinci, da bayan fitowa daga bandaki, da bayan taɓa ɗanyen nama, da bayan face majina ko yi wa yaro tsarki. Da sabulu ake wankewa, a cuɗa tafi da baya da tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce na daƙiƙa 20. Sannan a zuba ruwa daga buta ko famfo ya gangara ƙasa.

Akwai al'adar da nake so mu bari: roba ɗaya cike da ruwa, kowa ya zo ya tsoma hannu. Mutum na farko ne kawai ya wanke hannu. Na goma, dattin mutum tara ya kwasa. Haka tsumman nan guda da ake goge tebur da shi, a goge faranti, a goge gumi.

Ku lura da mai ƙosai da safe. Ta karɓi tsohuwar ɗari biyu da ta zaga kasuwa, ta cusa a gefen zani, ta ba da canji, ta mayar da wannan hannun cikin kwano tana ƙirga ƙosai. Ba mugunta ta yi ba, sabo ne. Gyaran ba ya cin kuɗi: a ɗauki abinci da cokali ko matsami, ko kuma mutum ɗaya ya riƙe kuɗi, wani ya riƙe zuba abinci. A yanke farce, a cire zobe, a ɗaura ɗankwali ko a sa hula. In akwai yanka a yatsa, a rufe shi da filasta.

Ɗanye da dafaffe

Ɗanyen nama, musamman kaza, yana ɗauke da ƙwayoyin cuta. Wuta tana kashe su. Amma kabeji da albasa da tumatir da ake barbaɗa wa tsire ko shinkafa ba sa ganin wuta. In wuƙar da ta yanka kaza ita ce ta yanka kabeji ba a wanke ba, an dafa kazar a banza, cutar ta bi ta kabeji. A ware wuƙa da katako na nama daban. Kayan lambun da za a ci ɗanye kuwa a wanke su da ruwan da za ku iya sha.

Lissafin shinkafar safe

Nan ne aka fi yin kuskure, saboda ido da hanci ba sa taimako. Abinci yana iya zama da kyan gani da ƙanshi, alhali ya riga ya zama cuta.

Ƙwayoyin cuta sun fi yaɗuwa a abincin da yake ba zafi ba sanyi, wato tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin zafi. In sun samu yadda suke so, wasunsu kan ninka kansu duk minti 20. Ku ɗauko littafinku mu lissafa. Ɗaya ta zama 2, sai 4, sai 8: awa ɗaya ke nan. A awa biyu sun zama 64. Shinkafar da aka sauke ƙarfe 7 na safe aka bar ta a buɗe har ƙarfe 2 na rana ta yi awa bakwai. A wannan lokaci ƙwaya ɗaya tak na iya zama fiye da miliyan biyu.

Shi ya sa ƙa'idar ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye haka nan. Ko dai ya zauna a kan garwashi da zafinsa, ko ya shiga firij. Kula tana riƙe zafi na ɗan lokaci ne. Da kun buɗe ba ku ga tururi ba, ta gama aikinta. Ɗumame kuma ba ɗan jin wuta ba ne. Miya sai ta tafasa, nama sai zafi ya ratsa cikinsa, ba ja ba jini. Shinkafa tana da wani halin na daban: in ta daɗe a ajiye, ƙwayar da ke cikinta kan saki dafin da ɗumame ba ya kashewa. Na san zubar da abinci yana da ciwo a wannan tsadar. Dabarar ita ce a dafa kaɗan-kaɗan gwargwadon ciniki, sau biyu ko uku a yini. In an ɗauke wuta, kada a riƙa buɗe firij ba dalili.

Sito

A rufe hatsi da gari saboda ɓera. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno, ta fitsari da kashin ɓera yake shiga abinci. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna a zubar, domin gubar da ke ciki tana lalata hanta, dahuwa kuma ba ta cire ta. Maganin ƙwari da kalanzir ba sa zama kusa da kayan miya.

A nan ne karatunku zai fara biyan ku. A jikin gwangwanin tumatir ko madara za ku ga haruffa uku, EXP, da lambobi a gabansu. In an rubuta 03/2027, wa'adinsa watan Maris na 2027 ne. A Najeriya ku duba har da lambar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993 don kula da ingancin abinci da magunguna. Gwangwanin da ya kumbura ba a buɗe shi. Tsohon kaya a jawo shi gaba, sabo ya koma baya.

Wanda ake riƙewa a wurin aiki

Masu gidajen abinci suna iya koya wa mutum girki a wata ɗaya. Abin da suke wahalar samu shi ne wanda zai yi daidai ko suna nan ko ba sa nan. In an ce ƙarfe shida, ya zo shida saura. In uzuri ya taso, ya kira tun kafin a neme shi. In bai gane umarni ba, ya sake tambaya. Ba ya latsa waya mai saye na tsaye. Yana ƙirga canji a gaban mai shi, yana rubuta bashi a littafi nan take. In mai saye ya ce ya ga ƙuda a miya, ba ya musu. Ya ba da haƙuri, ya sauya, ya gaya wa mai gida.

Mafi wuya a cikinsu shi ne faɗin gaskiyar da za ta iya jawo maka asara. Ku saurari wannan:

"Hajiya, ina kwana. Tun daren jiya cikina ke gudawa. Na zo in gaya miki ne kafin in shiga kicin."

"Sannu, 'yar nan. Koma gida ki sha ruwan gishiri da sukari, in bai tsaya ba ki je asibiti. Ya tsaya da kwana biyu ki dawo."

Yarinyar ta san za ta iya rasa kuɗin kwana uku, amma ta faɗa. Hajiya kuma ta san ƙa'ida: mai amai ko gudawa ba ya taɓa abincin mutane sai ya yi awa 48 da warkewa. Ga masu gida da ke cikin ajin nan, ina da magana. In kuna zaftare albashin duk wanda ya ce ba shi da lafiya, ko ku sallame shi, kun koya wa ma'aikatanku ɓoyewa. Ranar da mutum goma suka kwanta daga tukunyarku, duba-gari ƙofarku za su zo, kuma sunan gidan ne zai ɓaci a unguwa.

Haka in ka manta naman miya a waje ya kwana. Faɗa da safe, ka sha faɗan. Kada ka jefa shi a tukunya ka ƙara yaji.

Aikin gida

Kowa ya zo aji mai zuwa da gwangwani ko ledar wani abinci daga gidansa. Za ka karanta mana ranar wa'adinsa da babbar murya, ka rubuta ta a allo da kalmomi. Sannan ka rubuta jimla biyu da za ka faɗa wa mai gidanka a waya in za ka makara zuwa aiki.